Ammu Bakur Mai Gyaran Makinar Fatsa

Da safen nan labarin ya riske ni, ina tsaye a kicin da kofin shayi a hannu. Ammu Bakur ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yarsa Hawwa ce ta kira. Ba ni da lambarta, har na ɗauka wani ne mai son a cike masa takarda tun ofis bai buɗe ba. Ta ce, "Sani ne? Baba ya rasu bayan asuba."

Tun ɗazu nake ganin abin da ake sakawa a guruf ɗinmu na masu fatsa. Na ga "babanmu". Na ga "an yi babban rashi". Wani ma ya sa hoto, hoton kansa ne riƙe da ƙaton kifi, Ammu yana can gefe rabin fuskarsa a yanke. Ban ga laifinsa ba, a cikinmu babu mai hoton Ammu shi kaɗai.

Ni ba irin wannan zan rubuta ba. Zan faɗi yadda na san shi, in kuma faɗi abin da na yi masa.

Ga waɗanda ba su san shi ba: dattijo ne a unguwar Sa'alaba, haifaffen Jidda, muna ce masa Ammu, wato baffa da Larabcin nan. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji bai koma ba. Shi Ammu ko a mafarki bai san Najeriya ba, amma Hausarsa tana nan, irin ta tsofaffi, sai dai rabin magana ya kan zame Larabci bai ma sani ba. Ya yi shekaru yana gyaran keken ɗinki a wani shago a Balad, tsohon cikin gari. Da aka rufe shagon ya dawo ƙofar gidansa da ɗan teburi, ya koma gyaran makina. Makina ita ce ɗan injin nan da ake ɗaurawa a sandar fatsa, mai naɗe zare. Haka ake ce mata a nan.

Ni daga Yawuri na zo. A cikin jakata akwai makinar da yayana ya ba ni, wadda muka yi shekaru muna kama karfasa da tarwaɗa da ita a kogi, ba mu taɓa zuba mata ko ɗigon mai ba. Da na ga teku a Jidda sai na ce ai ruwa ruwa ne. Juma'a uku na je Kornish, bakin tekun garin, da ita. A ta huɗu hannunta ya ƙi juyawa, sai wata ƙara kamar ana tauna tsakuwa.

Na kai ta wani shago a Balad. Mai shagon ko karɓa bai yi ba, ya ce in jefar, ga sababbi nan. Abokina Lawal, direba ne, shi ya ce in zo ya kai ni wurin wani tsoho.

Mun same shi zaune da faranti a gabansa, ƙananan sukurori a jere cikin gwangwanayen kifi. Ya karɓa, ya juya ta, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan ta ruwan daɗi ce. Daga ina?"

Na ce Yawuri.

Bai san inda Yawuri take ba, amma daga ranar sunana ya zama ɗan Yawuri.

Ya kwance murfin ya nuna mini cikinta. Wani farin gari kamar toka ya lulluɓe haƙoran giyar, boris ɗin ya yi ja da tsatsa. Sai ya jawo zaren kaɗan ya miƙo mini ya ce, "Ɗanɗana."

Na ɗauka wasa yake. Ya ce, "Yalla, sa a harshe."

Gishiri ne zalla.

"To shi ke cin ta tun ranar da ka dawo. Kai kana barci, shi yana aiki."

Ya zaunar da ni har magariba. Da tsohon burushin haƙori da kananzir ya wanke komai ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan sifirin da ya karye ya maye shi da wanda ya ciro daga tsohuwar laita. Yana yi yana koya mini, ba tare da ya ɗago kai ba.

Ya ce duk ranar da ta shiga teku, kafin in ci abinci in wanke ta. In fara ɗaure birkinta tam don kada ruwa ya shiga, sannan in zuba ruwa da buta a hankali kamar mai alwala. Ya hana ni sa ta ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, ya ce tura gishirin ciki zan yi. In goge, in shanya a inuwa, in ta bushe in sassauta birkin ya huta. Kwarkwaron zaren kuwa in cire shi in jiƙa a kwano da ruwan ɗumi, don gishiri yana ɓuya a can ƙasan naɗi inda ido ba ya gani.

Da ya zo kan mai sai na ga ya ɗauko man keken ɗinki da tsinke. Na ce ba kaɗan ba ne? Ya ce, "Ɗigo ɗaya. Ba miya kake yi ba."

Zaren ma bai bari ba. Ya ja shi tsakanin yatsunsa, duk inda dutsen teku ya kankare ya ji. Ya yanke wajen gaba biyu ya zubar. Ya ce zaren da ya ji ciwo ba ya tsinkewa a kan ƙaramin kifi, sai ranar da ka kama wanda za ka yi labari.

Da zan tafi ya ce, "Ba don bahar mai gishiri aka yi ta ba, kada ka nemi manyan kifi da ita. Amma in ka riƙa wankewa za ta kai ka shekaru."

Shekara bakwai ke nan. Tana aiki.

Daga nan muka saba. Duk Alhamis bayan la'asar ina tsayawa ƙofar gidansa mu wuce bakin ruwa. Shi ya koya mini sunayen kifin nan, sha'ur da bayad da sijan mai ƙaya. Shi ya koya mini kada in ajiye makina a kan yashi, yana zuwa da tsohon buhu don haka. Ni kuma ina ba shi labarin kogi. Yana son jin yadda giwan ruwa take, ya ce in kwatanta girmanta, in na buɗe hannuwa ya ce, "Kazzab," wato maƙaryaci, yana dariya.

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni kwana biyar a ɗakina, a lokacin ba ni da kowa a garin nan. Rana ta uku na ji ana buga ƙofa. Ammu ne da kula a hannu, shinkafa da kifi Hawwa ta dafa. Mota biyu ya hau kafin ya iso. Ya zauna sai da na ci, ya wanke kular da kansa ya tafi.

Da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa gida ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, ya gaya wa mutanen unguwa ɗansa ne aka yi wa rasuwa. Kwana uku muna zaune tare yana karɓar gaisuwar matar da bai taɓa gani ba.

To sai Allah ya ɗan buɗa mana. Na samu aiki a wani ofishin harkar takardu a unguwar Safa, na yi mota. Muka haɗu da wasu 'yan gida, injiniya, ma'aikacin asibiti, 'yan kasuwa, muka buɗe guruf. Kowa ya sayi babbar makina irin ta teku. Ranar Asabar mu yi hayar jirgin ruwa daga gaɓar Abhur mu shiga ciki sosai.

Kafin jirgi ya fita ana duba katin kowa. Ammu ba ya zuwa.

Kafilinsa, ɗan ƙasar da ke tsaya masa a takarda, ya rasu tuntuni, magada suka rufe harkar, iƙamarsa, katin izinin zamansa, ta mutu ta zauna a mace. Mutumin da aka haifa yana jin ƙamshin tekun nan, rabonsa da shiga jirgi tun yana saurayi. Duk mun san haka. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Abin da muke yi shi ne ranar Lahadi a tara makinoni a leda, wasu ko ɗauraya ba a yi musu ba, a sauke masa a kan teburi. Ya gyara, mu zo mu ɗauka. Wani ko daga mota ba ya fitowa, hon yake yi. In an tuna a kawo masa kifi biyu daga cikin waɗanda ba a so.

Yakan tambaye ni, "Ya ruwan can ciki yake yanzu? Har yanzu shuɗi ne kamar baba?"

In ce e, Ammu. Ina duba waya.

Alhamis ɗinmu ta koma wata ɗaya sau ɗaya, daga baya ta tsaya. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Wata rana, bara kafin azumi, na je ɗaukar makina sai ya ce in jira. Ya shiga ciki ya fito da wata ƙullalliyar leda. Ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗan Yawuri, kai kana cikin takardu. Komai nawa yana nan, har na babana. Ka duba mini ko akwai hanya. Ba don ni ba, na gaji da Hawwa tana fargaba duk na fita."

A shekara bakwai, abu ɗaya da ya taɓa roƙona ke nan.

Na ce, "Ammu ka ɗauka an gama."

Kuma akwai hanya, ko aƙalla akwai ƙofar da za a buga. Maigidana a ofis ya san kan irin wannan. Abin da ake buƙata in ajiye ledar a gabansa in ce wannan babana ne, ka taimaka. Sai dai mutum ne da ba ya son a roƙe shi sau biyu, ni kuma ina da nawa roƙon da nake ɓoye. Ina son ya sa baki a kawo mini matata da yara daga Yawuri.

Na ce bari nasu ya fita tukun.

Nasu ya fita. Suka zo, muka kama fulat a Safa. Na ce bari a ɗan kwana biyu kada maigida ya ga na cika roƙo. Kwana biyu ya zama wata uku. Daga nan kuma kunya ta shigo, don in na kai yanzu za a tambaye ni tun yaushe take hannuna. Ledar tana but ɗin motata, a gefen tayar safaya. Duk ranar da na buɗe but ina ganinta, in tura ta ciki da hannu.

Ammu bai ƙara tayar da maganar ba sai sau ɗaya, ranar da na gan shi na ƙarshe.

Sati uku ke nan, ranar Alhamis. Tun kafin nan mun je Kornish da iyali na ɗauki tsohuwar makinar Yawuri, na dawo na jefa ta a mota fiye da wata ɗaya ban wanke ba. Ta sake kafewa. Abin da ya kai ni wurinsa ke nan, ba gaisuwa ba.

Na same shi a wurin da na saba, amma ƙafarsa ta hagu tana miƙe a kan kwali, an naɗe ta da tsumma. Ya ce dutsen bakin ruwa ne ya yanke shi. Na san yana da ciwon suga. Kuma da na matso na ji wari, ba zan ce ban ji ba.

Na ce, "Ammu, wannan ƙafar ta asibiti ce."

Ya yi 'yar dariya. "Da wace takarda?"

Ya buɗe makinar. Ya daɗe yana kallon cikinta. Ya ce, "Wannan karon ya kai ciki sosai. Ka daɗe ba ka wanke ba." Ƙaramin sukuro ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa sau biyu ina ɗauko masa.

Yana goge giya da tsumma ya ce, "Ya maganarmu?"

Na ce, "Ta shiga, Ammu. Amsa ake jira. An kusa."

Motata tana tsaye taku goma daga inda muke.

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Khair." Ya ci gaba da gogewa. Can sai ya ce, "Sani, in abu ya fi ƙarfinka ka dawo mini da shi. Ba aibi ba ne."

Da wuya yake kirana Sani.

Na yi kamar makina yake nufi. Na ce ai shi ya sa na kawo maka. Ya ɗiga mai da tsinkensa, ya rufe, ya juya hannun kusa da kunnensa ya saurara, ya miƙo mini. Ya ce in canza zaren gaba ɗaya, rana ta ƙona shi.

Da zan tafi bai tashi ya raka ni ba. Bai taɓa ƙin raka ni ba sai ranar. Na ce zan dawo ranar Asabar in duba ƙafar.

Ranar Asabar ina cikin jirgi.

Yanzu in koma kan wayar Hawwa ta safen nan, don ba ta tsaya a kan sanarwa ba. Ta ce shekaranjiya jikin ya rikice, maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti a sume, an karɓe shi, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Ta ce yanzu ana neman takardunsa kafin a ba da gawa. "Baba ya ce suna wurinka. Ya ce ka kai su wani wuri. Za a iya karɓowa yau?"

Na ce ina zuwa.

Na same ta a bakin ƙofar asibitin, ita da wata maƙwabciyarsu. Hawwa tana jin Hausa sarai, amma magana sai ta haɗa da Larabci. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Na miƙa mata ledar.

Ta karɓa ta juya ta. Ni sai a lokacin na lura da abin da take kallo. Da zaren fatsa aka ɗaure bakin ledar, irin ƙullin da Ammu ke yi wa ƙugiya, an ƙona ƙarshen zaren da wuta ya dunƙule. Babu mai irin wannan ƙullin sai shi.

Ta ce, "Ba ka buɗe ba."

Ba tambaya take ba.

Maƙwabciyar ta kawar da kai.

Hawwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kullum ina ce masa ya Baba mu tafi mustashfa likita ya duba ka, ko me za su ce su ce. Sai ya ce bari takarda ta fito, Sani ya ce an kusa." Ta ƙara da cewa, "Ban sani ba ko ya yarda da kai, ko don kada in zage ka yake faɗa."

Ta gwada tsinke zaren da hannu ya ƙi. Ta tambaye ni ko ina da abin yanka. Na koma mota na ɗauko almakashi a akwatin fatsa. Ta yanke, ta maido mini, ta ce, "Shukran," ta shiga ciki.

Na zauna a mota na kira maigidana, don takardar binnewa ma tana buƙatar wanda ya san hanya. Na gaya masa komai, tun daga bara. Ya ce, "Me ya hana ka gaya mini tun lokacin? Ai da mun gwada." Ya ce in jira shi, ga shi nan zuwa da kansa.

Ko minti biyar wayar ba ta kai ba.

Yana ciki yanzu tare da su. Ni ina zaune a wurin ajiye motoci ina rubuta wannan, don ban san da wace fuska zan tsaya kusa da ita ba.

Ina roƙo kada kowa ya rubuto mini cewa ajali ne. Na san ajali ne. Na san ko da takarda ta fita, in kwana ya ƙare ya ƙare. Ba kwanansa nake magana ba, amanar da ya ba ni da hannu biyu nake magana. Kada kuma a yaba mini don na faɗi gaskiya. Faɗar gaskiya ga mutanen waya ba wuya. Wanda ya kamata in faɗa wa yana kwance a ciki.

'Yan guruf, akwai makinoninku huɗu ko biyar a kan teburinsa da bai gama ba. Don Allah kada wanda ya je gidan nan yana tambayar tasa a kwanakin nan. In za ku je, ku fito daga mota, ku zauna a tabarma. In an gama da takardu zan sanar da masallacin da za a yi sallah da lokaci. Mai zuwa ya zo da wuri, ana buƙatar masu ɗauka, ba shi da ɗa namiji.

Ya Allah, bawanka Bakur ya zo gare ka. Ka san abin da ya haƙura da shi a garin da aka haife shi, ka san wanda ya ciyar da wanda ya rufa wa asiri. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya ciwon nan ya zama kaffara. Ka saukar da shi a gidan da ba a tambayar kowa takarda. Ka tsaya wa Hawwa, ka ba ta waɗanda suka fi mu.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ya ambaci sunansa a sujada yau. Bakur ɗan Muhammadu. In addu'ar ta yi saura, ku roƙa mini Allah ya sa Ammu ya riga ya yafe mini kafin ya cika, don ni ban samu na tambaye shi ba.